Kaboyi, faɗa ko dirama: da wanne za a cika memori?

Ƙanena ne ya jawo wannan rubutu. An tura shi hidimar ƙasa wani ƙauye da sai ka hau tudu kake samun sabis, ya sayo memori mai gig 32, ya same ni da yamma ina shan shayi ya ce: "Yaya, zan je shagon masu tura fim. Me zan ce su zuba min? Ba na son in kwashi tarkace." Na tambaye shi wane iri yake so. Ya ce Kawu kullum yabon kaboyi yake, abokansa ba sa kallon komai sai na faɗa, ni kuma ya san ni da fina-finan da "ba a komai a ciki sai surutu". Haka ya kira dirama, a gabana, ko kunya bai ji ba.

Memorin nasa zai ɗauki fim 30 zuwa 40 in ba a matsa wa kyan hoto ba. Wato dole a zaɓa. Abin da na gaya masa shi ne fim kamar abinci yake: wani sai da zafinsa, wani ɗumamensa ya fi daɗi, wani kuma in ya kwana sai a zuba wa kaji. Waɗannan nau'o'i uku kowanne da gefen da yake tsufa ta nan. Saboda haka in ka ce "kaboyi" ko "faɗa" ka yi shiru, rabin magana ka yi. Sai ka faɗi na wane zamani, a wane allo za ka kalla, da wa za ka zauna, kuma yaya kunnenka yake da Turanci.

Bari in fara da na Kawu.

Kaboyi shi ne dattijon gidan. Tun 1903 aka yi The Great Train Robbery, ɗan fim na kusan minti 12, an yi fashi a jirgin ƙasa an bi ɓarayi da dawaki. Abin mamaki shi ne zamanin da duk waɗannan fina-finai suke ta juyawa gajere ne ƙwarai: daga ƙarshen yaƙin basasar Amurka a 1865 zuwa wajejen 1890. Shekarun da makiyaya suka yi suna koro garken shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, irin su Abilene da Dodge City, ba su wuce 20 ba. Amma daga wannan ɗan tsakani Hollywood ta ƙera dubban fina-finai. A ƙarshen shekarun 1950 shirye-shiryen kaboyi fiye da 20 ake nunawa a talabijin ɗin Amurka a lokaci guda, Gunsmoke kaɗai ya yi daga 1955 har 1975.

Ƙarfin kaboyi na farko ido ne. John Ford ya kai kyamararsa Monument Valley, kan iyakar Arizona da Utah, ya yi Stagecoach a 1939, fim ɗin da ya ɗaga John Wayne. Duwatsun nan jajaye masu tsaye kamar rumbuna, sararin sama, ɗan adam ya koma ɗigo a tsakiyar fili. Wannan hoto bai tsufa ba, kuma ba zai tsufa ba, don dokin gaske ne, ƙurar gaske ce, wanda ya faɗo daga sirdi da ƙashinsa ya faɗo. Na biyu kuma sauƙin labari. Gari ƙarami, hukuma ta yi nisa, azzalumi ya yi ƙarfi, sai mutum ɗaya ya tsaya. High Noon na 1952 minti 85 ne kacal, kuma agogon cikin fim kusan tare yake tafiya da agogon hannunka. Gary Cooper ne ɗan sandan garin, ranar aurensa ya ji labarin mutumin da ya taɓa ɗaurewa zai sauka a jirgin sha biyun rana don ɗaukar fansa. Ya bi gida gida, ya shiga coci, ya shiga mashaya yana neman mai taya shi, kowa ya kawo uzuri. Duk wanda ya taɓa ganin yadda unguwa take yin tsit in an ce a fito a ba da shaida zai gane fim ɗin nan ko bai ji kalma ɗaya ba. Haka Shane na 1953, rigimar masu manyan garake ce da ƙananan manoma a kan ƙasa da ruwa. Ba sai an yi wa Bahaushe ko Bafulatani bayanin wannan ba.

Sai dai kaboyin da Kawu yake nufi, wanda suka kalla a El Dorado da Plaza a Kano, suna zaune a fili sama ce rufinsu, yawanci ba na Amurka ba ne ma. Na Italiya ne. Sergio Leone ya ɗauko labarin wani fim ɗin Japan na Akira Kurosawa, Yojimbo, ya mai da shi A Fistful of Dollars a 1964, ya ɗauka a busasshiyar ƙasar Almeriya ta Sifaniya, da wani ɗan wasan talabijin da ba a ɗauke shi bakin komai ba, Clint Eastwood. Daga nan jarumin kaboyi ya daina wanka. Ya zama mai ƙasumba, mai ƙarancin magana, mai neman kuɗi, ba ruwansa da gyaran gari. Ennio Morricone ya sa masa kiɗa da fito da ƙarar bulala. A 1966 aka yi The Good, the Bad and the Ugly, a shekarar kuma Franco Nero ya fito a Django yana jan akwatin gawa cikin taɓo. Har yau in Kawu ya ga yaro yana tafiya yana buɗa hannu sai ya ce, "Kai, Jango, zo nan."

In kana son ka san ko kaboyi zai karɓe ka, ga gwaji. Ka kunna farkon Once Upon a Time in the West na 1968. Mutum uku suna jiran jirgi a wata tasha da ba kowa. Fiye da minti goma ba wata magana. Injin iska yana ƙara ƙiiƙ, ƙiiƙ. Ƙuda ya sauka a fuskar ɗayansu, ya hura, ya motsa leɓe, ƙuda ya ƙi tashi, daga ƙarshe ya kama shi a bakin bindiga ya toshe da yatsa yana sauraron kukansa. Ɗayan kuma ruwa yana ɗiga masa a kai daga tanki, bai matsa ba, sai ya sa malafarsa, ruwan ya taru a bakinta, ya cire ya shanye. In ka kai ƙarshen wannan kana murmushi, kai ɗan gida ne. In yatsanka ya fara neman inda ake tura fim gaba, to kar ka ɓata memorinka, ka ɗauki biyu ko uku ka bar sauran.

Wannan jinkirin shi ne aibinsa na farko ga mai kallon yau. Na biyu, kaboyi ba ya son ƙaramin allo. An tsara shi don bango mai faɗi, in ka matse shi a waya mahayin da ke tahowa daga nesa sai ya koma kamar kwarkwata. Na uku shi ne mafi nauyi, kuma a nan ne ɗumamen ya yi tsami. Mutanen da aka ƙwace wa ƙasa, waɗanda muka tashi muna kira Indiyawan daji, su ne aka mai da dodanni. A yawancin fina-finan 1930 zuwa 1950 ba su da suna, ba su da uwa ba su da 'ya'ya, ihu kawai suke suna faɗowa daga doki, mu kuma muna tafi. Sau da yawa ma Bature ake shafa wa ja ya fito a matsayinsu, kamar shugaban ƙabilar Comanche na The Searchers na 1956, wanda haifaffen Jamus ne mai shuɗin ido. Masana tarihi da dama suna ƙiyasin cewa kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan nan baƙar fata ne, ga 'yan Meziko da yawa, amma ka kalli fim 50 na wancan lokaci ka ƙirga baƙaƙen da ka gani a kan doki. Mata kuwa biyu ne: malamar makaranta ko matar mashaya.

Wani ɗan Nijar ya riga mu gano abin da kaboyi yake yi wa kan samari. Moustapha Alassane ya yi wani gajeren fim a 1966, Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka canja sunaye, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Abin dariya ne, amma dariya mai cizo.

Kaboyi ya fara suma a shekarun 1970, sai Heaven's Gate na 1980 ya kusa binne shi: an kashe kimanin dala miliyan 44, abin da ya dawo bai kai miliyan 4 ba, kamfanin United Artists ya koma hannun MGM. Bayan nan sai jefi-jefi. Amma na jefi-jefin nan akwai masu kyau, don sun zo da nadama. Dances with Wolves na 1990 ya bar mutanen Lakota, ɗaya daga cikin ƙabilun da aka ƙwace wa ƙasa, sun yi magana da harshensu, ya ci Oska 7, babbar kyautar fim ta Amurka. Unforgiven na 1992 kuwa Eastwood ne ya dawo yana tsoho, mai kiwon alade, doki ma yana ba shi wahalar hawa, yana nuna cewa kisan da aka yi ta tafa masa a kai ƙazanta ne. A ganina shi ne kaboyin da ya fi kowanne, amma ba ya daɗi sai ka riga ka ga na da. Kamar habaici ne, sai ka san da wa ake.

To, na abokansa.

Fim ɗin faɗa yana da wata baiwa da sauran ba su da ita: ba ya buƙatar tafinta. Naushi yarensa ɗaya ne a duniya. Shi ya sa yaron da bai taɓa shiga aji ba zai ba ka labarin fim ɗin Chainis daga farko har inda aka kashe bos. Yana jure ƙaramin allo, yana jure ƙarar janareto, yana jure a kira ka a tsakiya ka dawo ba ka rasa komai ba. Ga wanda ya yini a aji ko a gona ya dawo a gajiye, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban yarda da masu raina shi ba.

Amma a nan zamani ya fi tasiri fiye da ko'ina, kuma ƙa'idar da na ba ƙanena ɗaya ce: abin da jiki ya yi ba ya tsufa, abin da kwamfuta ta yi yana tsufa kafin a gama biyan bashin fim ɗin. Bruce Lee ya rasu ranar 20 ga Yulin 1973 yana ɗan shekara 32, manyan fina-finansa na faɗa da ya kammala huɗu ne, daga The Big Boss na 1971 zuwa Enter the Dragon. Labaransu ba wani abin a zo a gani ba ne, muryoyin Turancin da aka ɗora musu abin dariya ne, amma ka kalli karonsa da Chuck Norris a Way of the Dragon na 1972. Kyamara ta ja baya, ana ganin mutum biyu daga kai har ƙafa, ba a yanka hoto don a ɓoye komai. Ka ga yadda ya sha kashi da farko, ya tsaya, ya canja taku ya fara rawa a kan yatsun ƙafa, faɗan ya juya. Labari ne cikakke aka ba ka da jiki. Jackie Chan ya ɗora barkwanci a kan wannan. A Police Story na 1985 ya yi tsalle ya kama wani dogon ƙarfe a cikin kanti mai hawa-hawa, ya sulalo ta cikin fitilu suna fashewa, ya ƙone hannuwansa. Wajen ɗaukar Armour of God kuma, ya faɗo daga bishiya ya fasa ƙoƙon kai. Ba ina yabon ganganci ba ne, an rasa rayuka a wannan sana'a, ɗan Bruce Lee ɗin ma, Brandon, harbin kuskure ne ya kashe shi a wajen ɗaukar fim a 1993. Sai dai ido ba ya ƙarya, yana gane nauyin jiki in ya faɗi.

Shekarun 1980 a Amurka na masu ƙwanji ne, Stallone da Schwarzenegger. Nan sai an yi tsince. First Blood na 1982 ba abin da mutane suke zato ba ne: Rambo tsohon soja ne da yaƙin Biyetnam ya lalata wa kai, 'yan sandan wani gari suka wulaƙanta shi, kuma a fim ɗin gaba ɗaya mutum ɗaya ne ya mutu. Na bayansa ne aka mai da shi injin kisa. Commando na 1985 kuwa, mutum ɗaya ya tsaya a fili ya karkashe runduna harsashi bai same shi ba, yau in ka kalla dariya za ka yi ta yi, kuma ba laifi, dariyar ma riba ce. Wanda ya gyara lamarin shi ne Die Hard na 1988, da ya kawo jarumi mai jin zafi, ba takalmi, yana taka fasassun gilasai yana zubar da jini yana mita. Daga nan zuwa The Matrix na 1999 nake ganin fim ɗin faɗa na Amurka ya kai ƙololuwa, don kwamfuta ta shigo amma ba ta karɓe gidan ba tukuna. Terminator 2 na 1991 har yau yana tsaye da ƙafarsa saboda motocin da aka farfasa na gaske ne. Su kansu masu Matrix sai da suka ɗauko Yuen Woo-ping daga Hong Kong ya yi watanni yana horar da 'yan wasa.

Shekarun 2000 su ne na fi gargaɗinsa a kansu. Abu biyu suka haɗu. Ga siddabarun kwamfuta da bai nuna ba, duk wanda ya ga mutum-kunamar ƙarshen The Mummy Returns na 2001 ya san me nake nufi, sai ka ce wasan gem. Ga kuma yayin girgiza kyamara da yanka hoto gutsi-gutsi. A fina-finan Bourne an yi shi da dalili, masu kwaikwayo suka mai da shi mayafin rufe gazawa. Akwai inda a Taken 3 aka yanka hoto fiye da sau goma don kawai jarumi ya tsallake shinge. A waya irin wannan jiri yake sawa. Gyara ya zo daga gefe: Ong-Bak na Tailan a 2003, The Raid na Indunusiya a 2011, sai John Wick a 2014 wanda tsofaffin 'yan kasadar fim ne suka ba da umarninsa, da Mad Max: Fury Road na 2015 da aka ɗauka a hamadar Namibiya da motoci na gaske, ya ci Oska 6.

Sauran aibobinsa sanannu ne. Ka kalli goma a jere, washegari ba za ka iya bambance su ba. In ɗaya ya yi kasuwa sai a yi ta haifo masa ƙanne har a fita hayyaci: Fast and Furious da aka fara a 2001 da ɓarayin kayan lantarki a kan titi, zuwa 2021 an harba mota sararin samaniya. Sannan ka lura da waye bos. Fuskar bos tana bin siyasar Amurka ne sawu da ƙafa. A Rambo III na 1988 mujahidan Afganistan su ne abokan jarumi, Rashawa ne mugaye. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe sai rawani da gemu suka gaji kujerar, tun daga irin su True Lies na 1994. Mai kallo Musulmi yana iya samun kansa yana tafa wa wanda yake harbin masu kama da shi, kamar yadda iyayenmu suka tafa wa masu harbin Indiyawan daji.

Saura nawa, masu "surutu".

Da farko, in na ce dirama ba ina nufin wasan kwaikwayon talabijin da muka saba kira da sunan ba. Ina nufin fim ɗin da nauyinsa yake kan halin mutane da abin da ke tsakaninsu: aure, gado, shari'a, talauci, cin amana. Wannan shi ne tuwon da ɗumamensa ya fi. Dalili kuwa shi ne ba ta dogara da kayan da suke saurin tsufa ba. Ba dodon roba, ba fashewar kwamfuta. Bicycle Thieves na Italiya, 1948, labarin magidanci ne da aka sace masa keken da aikinsa ya dogara a kai, shi da ɗansa suna yawo a Rum suna nema. Ka cire keke ka sa babur, labarin ɗan acaɓa ne na jiya da yamma.

Wanda na fi nuna wa masu cewa dirama ba faɗa shi ne 12 Angry Men na Sidney Lumet, 1957. Mutum 12 masu taya kotu yanke hukunci a ɗaki ɗaya, ana zafi, fanka ta ƙi aiki, za su yanke ko wani yaro ya kashe ubansa. Goma sha ɗaya sun ce ya kashe, ɗaya ya ce a dai tattauna. Hujjar da ta fi ƙarfi wuƙa ce, an ce irinta ba ta da biyu. Aka kawo ta aka caka a tebur. Sai Henry Fonda, wanda ya ce a tattauna, ya miƙe, ya sa hannu a aljihu, ya zaro wata sak irinta ya caka kusa da ita. Ɗakin ya hargitse. Ba a zubar da jinin kowa ba, amma ban san wani harbi a fim da ya kai wannan cakar ba. Lumet kuma ya yi wata dabara, yana tafiya yana canja gilashin kyamara yana sauko da ita ƙasa, har bango da rufi su yi kamar suna matso ka. Ba za ka lura ba, sai dai ka ji numfashinka yana ƙuntata.

Amma dirama tana da sharaɗi, kuma sharaɗin yana da tsada: harshe da natsuwa. In Turancinka na karatu ne ba na kunne ba, The Godfather na 1972 zai zame maka wasu tsofaffi suna raɗa a ɗaki mai duhu na kusan awa uku. Dole ka tabbata an haɗo maka da rubutun fassara a ƙasan allo, kuma masu tura fim ba kasafai suke damuwa da wannan ba sai ka tambaya. Fassarar Hausa da ake ɗora wa fina-finai, wadda ta yi wa na Indiya da na faɗa rana, ba ta cika yi wa dirama adalci ba, don mai fassara yana tsoron shiru, duk inda aka yi shiru sai ya cusa barkwanci, alhali shirun nan shi ne naman. Sannan ba a kallonta da rabin hankali. In kana kallo kana duba WhatsApp, gara ka kashe.

Tana da nata tsamin ma. Gone with the Wind na 1939, kusan awa huɗu, yana nuna zamanin bauta kamar wata aljanna da aka rasa. Hattie McDaniel da ta fito baiwa a ciki ita ce baƙar fata ta farko da ta ci Oska, kuma a wajen bikin ba a zaunar da ita teburi ɗaya da abokan aikinta ba. Wasan 'yan fim na shekarun 1930 da 1940 yakan yi kama da na dandamali, ana ɗaga murya ana zare ido, sai da su Marlon Brando suka zo a shekarun 1950 aka fara magana kamar mutane. Akwai kuma diramar neman kyauta, wadda ake dafawa musamman don alƙalan Oska: a samo cuta ko bala'i, a sa goge mai sa kuka, a matse maka hawaye da ƙarfi. Irin wannan sau ɗaya ake kallo. Ta gaskiya kuwa takan yi jinkirin samun masoya. The Shawshank Redemption bai mayar da kuɗinsa ba a fitowarsa ta farko a 1994, sai a kaset da talabijin mutane suka gano shi.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye shi ne da wa za ka kalla. Daga 1934 zuwa 1968 Hollywood tana ƙarƙashin wata dokar tace fina-finai mai tsauri da ake kira Hays Code, saboda haka fim ɗin wancan zamani, kaboyi ne ko dirama, da wuya ya sa ka lalubar rimot a gaban surukai. Bayan 1968 aka saki linzami, kuma dirama ce ta fi kowa cin wannan 'yanci. Shekarun 1970 su ne zinariyar diramar Amurka, amma ba ta falo ba ce. Fim ɗin faɗa jini ne matsalarsa, ita kuwa tsiraici ne da zagi, kuma ba ta sallama kafin ta shigo da su. Mai son dirama da iyali ya nufi Iran. Children of Heaven na Majid Majidi, 1997, yaro ne ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suka koma karɓa-karɓa da nasa don kar iyayensu su sani. A Separation na Asghar Farhadi, 2011, rabuwar aure ce da tsoho mai ciwon mantuwa da rantsuwa da Alƙur'ani, kowa yana da gaskiya kowa yana da laifi. Na kalle shi da mahaifiyarmu, ba ta jin Farisanci ba ta karanta Turanci, ina fassara mata sama-sama, da aka gama ta ce, "Wannan yarinyar aka zalunta." Kuma ita ce ta fi ni fahimta.

In ka matsa bincike ma katangar da ke tsakanin ukun ba ta da tsawo. Unforgiven dirama ce ta sa malafa. Fury Road keken dokin Stagecoach ne aka sa masa inji. Sholay na 1975, da babu gidan da ba a san Gabbar Singh ba, kaboyi ne da faɗa da dirama da waƙa a tukunya ɗaya, wataƙila shi ya sa ya zauna mana daram.

Ga yadda muka yi rabon a bayan wata takardar rasit. Tunda a waya zai kalla, shi kaɗai, yawanci da dare bayan ya gaji, na ba faɗa kaso mafi tsoka, 16: na Hong Kong daga 1971 zuwa ƙarshen shekarun 1980, na Amurka daga 1988 zuwa 1999, sai a yi tsalle zuwa 2011 a ci gaba. Dirama 12, don ranakun Asabar da Lahadi, da sharaɗin kowanne da rubutun fassararsa, rabi tsofaffin baƙi-da-fari, sauran na Iran da na shekarun 1970. Kaboyi 6 kawai: High Noon, Shane, uku na Leone, sai Unforgiven a ƙarshe, kuma na ce in akwai mai talabijin a masaukinsu ya bari sai a can. Da a ce falo ne da babban allo da iyali, da na juya lissafin, kaboyi da tsohuwar dirama su hau sama. Da kuma Turancinsa bai kai ba, da na rage dirama zuwa huɗu na cike da Leone, tunda mutanensa ba su cika buɗe baki ba.

Ya tafi shago da takardar, bayan awa biyu ya kira ni. "Yaya, mai shagon ya ce bai taɓa jin High Noon ba. Wai in karɓi Fast and Furious guda goma, duk akwai." Na ce ya tambaye shi Jango. Na ji yana tambaya, na ji mai shagon yana cewa akwai mana, wanda baƙin nan ya fito. Django Unchained na 2012 yake nufi, na Tarantino, ba na Franco Nero ba. Na ce ya karɓa, amma kar ya kuskura ya kai wa Kawu.